Mafarkin da Aka Haska a Bangon Gamkalley

Duk shekarun da na yi ina haya a gidan Zinariya a Gamkalley, ban taɓa yarda da fassarar mafarkinta ba, kuma ban ɓoye mata ba. Ni tela ce. Ɗakina yana daf da zaure, keken ɗinkina a bakin taga, saboda haka duk abin da aka faɗa a gindin murhunta sai ya biyo ta kunnena kafin ya fita titi. Takan ce da ni, "Habsatu, ke ko mafarkin Aljanna kika yi, sai kin tambayi wanda ya ɗinka labulen." Ni kuma in ce gara ni, ina auna mutum kafin in yanka masa riga, ita kuwa riga ɗaya take zura wa kowa.

Mutuniyar Maraɗi ce. Aure ya kawo ta Yamai tun da ƙuruciyarta. Mijinta direban babbar mota ne mai zuwa Kwatano, ya rasu ya bar mata gida mai 'yan ɗakuna da bishiyar mangwaro. Ba ta koma garinsu ba. Ta kafa tanda a ƙofar zaure ta kama sana'ar masa, kuma masar ce ta riƙe ta har tsufa. Sunan nan kakarta ce ta laƙaba mata, don ni dai ban taɓa ganin zinariya a jikinta ba, ko ta kunne. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta. In ta yi dariya, sai masu ban ruwa a garkunan bakin kogi su ɗago kai.

Ba ta ɗauki fassarar mafarki sana'a ba, ko goro ba ta karɓa. Amma tana da dokokinta, kuma ba ta sassauta su. Ba ta fassara sai da safe. Ba ta saurare sai mai mafarkin ya ci wani abu, wai mai yunwa ba ya faɗin mafarki daidai, ƙari yake yi masa. Daga nan sai tambayoyi, tana yi tana juya masa da tsinke: ruwan da kika gani garau yake ko ya gurɓace, da wane hannu aka miƙo miki, kin ci ko kin ƙi. In ta gama sai ta kifar da mafarkin. Wanda ya ga mutuwa, tsawon rai ne. Wadda ta yi kuka, dariya na tafe. Wanda ya taka kashi, arziki ya taka. Ƙarshenta sai ta ce a yi sadaka, kuma sadakar nan kullum masa ce. Na sha tambayarta yadda aka yi duk mafarkan Gamkalley masa suke so, ba a taɓa samun mai son ƙosai ba. Ta ce in na fara ƙosai ta turo mini nawa rabon.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Takan ce mafarki ɗanyen ƙulli ne, tandar da aka fara zuba shi ita ke ba shi siffa. Don haka take gargaɗin mata kada su fara kai mafarkinsu ga mai mugun baki, su haɗiye shi har su iso wurinta.

Shekarar da fari ya sake dawowa, kogi ya ja baya har tsakiyarsa ta fito fili, yara suna ƙwallo inda jiragen masunta ke wucewa da. Gero ya ɓuya. Jar dawar taimako muke samu, masar Zinariya ta koma ja, amma ba ta fasa ba. Sojoji ke mulki, kowa ya koyi magana ƙasa-ƙasa, har gaisuwa sai an waiga. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa birni da 'yan ƙullin kayansu, mafarkan da ake kawo mata ma suka sake: shanu kwance, rijiya ba ruwa, iyayen da suka mutu suna neman fura. Ta yi ta kifar da su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne na rage yi mata ba'a, ko da yake ban daina ba.

Cikin masu zuwan akwai Buba da matarsa Haoua, daga can bayan Tawa. Dabbobinsu sun ƙare, ɗansu na fari ya rasu a hanya, a hanyar kuma suka binne shi. Zinariya ta kwashe itacenta daga ɗakin ajiya ta ba su. Buba ya samu aikin ɗibar ruwa a garkar wani, Haoua kuma tana taya Zinariya daka da wanke tanda. Tana da ciki, ya fara fitowa. Yarinya ce mai shiru, amma gidan ya soma sakin bakinta, har wata rana na ji tana kwaikwayon yadda nake zagin kekena in zare ya harɗe. Na yi kamar na ji haushi, alhali daɗi na ji.

Ana haka Oumarou, sarkin samarin unguwa, ya zaga gida-gida yana shela cewa za a kawo sinima kyauta bayan magariba, fim na koyar da noman rani, yadda ake dashen shu da karoti, wato kabeji da karas. Ya ce daga sama aka aiko, kowa ya fito. A zamanin nan in aka ce daga sama, gurgu ma sai ya nemi mai goya shi. Aka share filin bayan makaranta, mai haska fim, wani siririn mutum mai suna Illo, ya tada gurup ɗinsa, injin ba da wuta, ya saita haske a farin bango. Unguwa duka ta fito da tabarmi da kujeru. Zinariya kaɗai ta ƙi, ta ce ita da kaji take kwana, kuma ba Nasara ne zai koya mata shu ba. Ni na ja Haoua muka tafi.

Oumarou ya yi jawabi mai tsawo, aka tafa, fim ya fara. Baƙi da fari ne, ba magana, ba kiɗa, sai wata ƙara kamar ana jan tasa a kan siminti. Wata Baturiya doguwa cikin farar riga tana tsaye a rana, rungume da akwatin katako. Ta shiga wani gida, ƙofa ta rufe kanta. Bangon gidan ya soma tsirar gashi, baƙi, dogo, yana sauka yana naɗe mata ƙafa. Wani tsoho a bayana ya ce wannan ciyawa ce, ana nuna mana a yi noma kafin dashe. Muka gyara zama muna jiran shu.

Ta shiga wani ɗaki, ga dogon teburi, maza sanye da kwat sun zauna jere, kowanne an kifa masa buhu a ka, suna buga cokali a faranti ba abinci. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai rairayi ya yi ta zuba daga bakinta har ya cika farantan. Yara suka fara kuka. Ba wanda ya tashi, don ba wanda yake so a ce shi ya fara juya wa saƙon sama baya. Illo ma bai kashe ba. Daga baya ya ce tun farko ya ga alamar ba daidai ba, amma wa ya aike shi ya yanke abin da aka ba shi ya nuna, kuma shi ma yana sa ran karoti na nan gaba.

Daga nan matar ta bi wata matakala da ke sauka cikin baƙin ruwa. Ta ɗora akwatin a ka tana sauka, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya. Sai aka ji bugu daga cikin akwatin, ƙwan, ƙwan. Ta juyo da fuska ta zuba mana ido, ta daɗe tana kallonmu, sannan ruwa ya rufe ta. Akwatin ya tsaya yana yawo a kan ruwa, ana ta bugu a ciki, bango ya yi fari, fim ya ƙare. Oumarou ya miƙe ya tafa shi kaɗai, ya ce kowa ya ga muhimmancin tsabtar ruwa, a tashi lafiya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, gaskiya, rigar ce, ko kalmasa ba a yi mata ba. Sai da na juya na ga Haoua ta riƙe cikinta da hannu biyu, sannan na ji wata tsohuwa daga cikin duhu tana cewa, "Mai ciki ta kalli wanga abu? Allah shi kyauta abin da za ta haihwa."

Washegari ƙullin Zinariya ya ƙare tun rana ba ta yi zafi ba. Ba ta taɓa ganin irinsa ba, unguwa guda ta yi mafarki ɗaya, kuma kowa da yadda ya gan shi. Masu garka suka ce gargaɗi ne, za a karɓe bakin kogi. Mai shagon kusa da mu ya ce rairayin nan gari ne na taimako da aka cuɗa da ƙasa. Wani malamin makaranta ya ce shi ya gane su wa ke zaune a teburi da buhu a ka, ya waiga, ya haɗiye sauran da masa. Zinariya tana ta dariya tana kifarwa, wannan gero ne, wancan damina ce, ku yi sadaka. Da rana labari ya zo cewa kuskure ne. Takardar jikin gwangwanin da ake ajiye fim ce ta ɓare saboda zafi, aka ba Illo faifan wata cibiyar Nasara inda 'yan jami'a ke zuwa kallon irin waɗannan abubuwa da gangan. Aka yi ta dariya, aka ce ashe akwai masu biyan kuɗin mota su je a tsorata su.

Haoua ce ba ta fito ba. Ranar ba ta ci ba, washegari ma ruwa kawai ta kurɓa. Buba ya same ni a bakin taga, yana murza hularsa, ya ce ta ɗaure cikinta tam da zane don kada ta ji motsi. A daidai lokacin da akwatin ya yi bugu ne ɗan cikin ya harbe ta, bugu da bugu, kuma matar ita take kallo. Ta ce abin akwatin ya shige ta. Kowa ya san ana hana mai ciki kallon mummunan abu don kada ɗa ya ɗauko kama, ga kuma tsohuwar can ta riga ta zuba ƙullin a tandarta.

Zinariya ta shiga ɗakin da masa a faranti, ni ina bayanta. Ta zauna, ta fara yadda ta saba, ruwa alheri ne, akwati rufin asiri ne. Haoua tana kwance fuskarta a bango. Ta bari har ta gama, sannan ta ce a hankali, "Inna, wanga ba mafarki ba ne. Idona biyu. Kuma ke ba ki gani ba."

Ban taɓa ganin an rufe wa Zinariya baki ba sai ranar. Ta fito, ta zauna a gindin mangwaro, ta daɗe. Na ji tsoro sosai, don Haoua dama ba jiki gare ta ba, kuma na ga abin da yunwa ke yi wa masu ciki a shekarar. Can sai ta yafa mayafi ta ce, "Habsatu, tashi ki raka ni unguwar Maourey, wurin mai haska fim. Tunda nike ban taɓa ganin mafarkin wani da idona ba. Wanga tunda a gwangwani yake, sai na gan shi."

Muka sami Illo a ƙofar gidansu yana goge gurup ɗinsa. Ya ce shi an riga an wanke shi tas a wurin aiki, gobe zai mayar da faifan, ba ya son ƙarin magana. Zinariya ba ta roƙe shi ba. Ta zauna a bencinsa, ta tambaye shi ko uwarsa na raye, ya ce tana nan. Ta ce to ya je ya gaya mata ya haska wa mai ciki aljani ya tafi ya bar ta da shi, duk abin da uwar ta ce, ita ta yarda. Illo ya dubi ƙofar gida, ya dube ta, ya ce da rana ai ba a ganin hoto. Ta ce mangazar Gamkalley, babban ɗakin ajiyar albasa, ba ta da taga, kuma bana ko ɓawon albasa babu a ciki.

Makullin mangazar yana hannun Oumarou. Ya ce taro ba izini, a wannan zamani, a rufaffen ɗaki, so ake a ɗaure shi. Ta ce ba taro ba ne, mata ne za su share mangaza, in an gama shara su huta. Ya ba da makullin, ya ce shi bai ji ba bai gani ba, amma da hantsi ya yi sai ga shi a bakin ƙofa, wai ya zo duba shara.

Mata suka cika mangazar, har da waɗanda suka rantse ba za su sake kallo ba. Haoua sai da Buba ya tallafo ta. Zinariya ta zaunar da ita a jikinta, ta sa hannu ta sassauta ɗaurin zanen, Haoua ta mayar, ta ƙyale ta. Aka ja ƙofa, Illo ya kunna.

Baturiya ta bayyana da akwatinta. Zinariya ta ce da ƙarfi, "Sannu da rana, baiwar Allah. Wagga ai ramammiya ce, su ma farin ya kai musu?" Aka fara 'yar dariya. Gashi ya tsiro a bango, ta ce kowa ya san gashi tsawon rai ne, gidan da bangonsa ma ke tsirar gashi ai sai dai a nemi makitsiya. Da aka zo kan mazan teburi ta tafa hannu ta ce ta san su, mazan unguwa ne a gidan biki, an kifa musu buhu don kada su ga tukunyar da aka fi sa wa nama. Rairayi ya zubo, ta ce gero ne tsaba, matar kirki ce, ta ciyar da ƙattan banza da bakinta ba wanda ya ce mata sannu. Wata ta ce daga baya, "Kamar gidanmu." Mangaza ta ɗauki shewa, Oumarou na bakin ƙofa yana cewa a rage murya, shi ma kafaɗarsa na rawa.

Ni ma na yi dariya har hawaye, amma idona na kan Haoua. Ba ta murmusa ba. Da matar ta fara sauka cikin ruwa, Zinariya ta ce damina ce, muryarta dai ta ragu. Akwatin ya yi bugu, Haoua ta ƙanƙame ta. Bango ya yi fari. Dariyar ta mutu, kowa ya ga maganin bai kama ba.

Illo ya miƙa hannu zai cire faifan. Zinariya ta ce, "Tsaya, ɗana. Mai gidana direba ne, na san kowace mota tana da marshariyar. Injin naka yana tahiya da baya?"

Ya ce yana yi, sai dai ba a kallon fim haka, kuma ba sauti.

Ta ce, "Wa ya tambaye ka sauti? Shekara da shekaru da baki nike juya mafarki. Yau ga inji. Juya muna shi."

Ya murɗa wani abu, faifan ya koma da baya. Akwati yana yawo a kan ruwa. Sai ga kan matar ya ɓullo daga ƙarƙashinsa, ta dube mu, ta soma hawa matakala da baya-baya, ruwa ya sauka daga wuya zuwa ƙugu, zuwa gwiwa, rigarta ta bushe ƙarau. Ta sauke akwatin ta rungume. Ta shiga ɗakin mazan, rairayi ya tashi daga farantansu yana komawa bakinta, ta shanye shi tas ta bar su da cokula. Matar nan ta baya ta ce, "Yawwa, ci abinki." Gashin ya kwance daga ƙafarta ya shige bango kamar an kira shi. Ƙofa ta buɗe da kanta, ta fita, ta tsaya a rana da akwatinta a ƙirji, ba abin da ya same ta.

Guɗa ta tashi. Wata ta cire kallabi tana juyi a tsakiyar mangaza, wasu suka ce a sake. Illo, da ya ce ba a kallon fim haka, bakinsa a buɗe yake. Ni kaina, da duk taurin kaina, sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Haoua ta jira hayaniya ta lafa. Ta ce, "Ta hita lahiya, Inna, na gani. Amma ta gaba ko ta baya, ba a buɗe akwatin ba. Mi ke ciki?"

Na jira in ji gero ko tsawon rai. Zinariya ta ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Nasaran da ya yi shi ma ban ce ya sani ba." Ta gyara zama. "Abin da na sani shi ne wanga. Ni ma na ɗauki ciki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowane sai shi yi motsi, shi yi motsi, wata sahiya in tashi in ji shiru. In kwanta in riƙe numfashi ina saurare, ko bugu guda. Ban samu ba. Abin da ke bugu rai gare shi. Ke an ba ki mai bugu har kin ɗaure shi."

Duk zamana a gidan ban taɓa jin wannan ba, na ɗauka dai Allah bai ba ta ba ne tun farko. Haoua ta dube ta, ta daɗe, sannan ta kwance ɗaurin zanen da kanta, ta kama hannun Zinariya ta ɗora a cikinta. Muka tsaya kamar masu jiran ganin wata. Can Zinariya ta zabura ta ce, "Kai, ɗan nema, ni ka harba?" Haoua ta yi dariya, ta rufe fuska, ta ce yunwa take ji. Oumarou da kansa ya ruga gida ya ɗauko kwanon kopto, ganyen zogalen da matarsa ta kwaɗa don rana, ya manta shi bai ji ba bai gani ba.

Daga ranar Haoua ta ci gaba da cin abinci, ta dawo wanke tanda. Ba zan ce tsoron ya fita duka ba. Wani lokacin ina ɗinki sai in hango ta ta tsaya da muciya a hannu, ta yi nisa. Na ɗinka 'yan riguna da guntayen atamfa na ba ta, ta yi godiya ta ajiye ba ta buɗe ba. Zinariya kuwa sunanta ya ƙara tafiya, har daga can unguwar Banifandou ake zuwa da mafarki, wasu suna tambaya ko ana iya sa nasu a inji.

Naƙuda ta zo wa Haoua wata ranar Laraba da hantsi, ba ta ba da lokacin neman mota ba. Ungozomar unguwa ta karɓi haihuwar a ɗakin, ni ina miƙa ruwan zafi, Zinariya na riƙe da kafaɗarta. Jaririya ta faɗo da kuka mai ƙarfi. Aka yanke cibi, aka goge ta, Zinariya ta naɗe ta a zane. Haoua ta juya fuska bango ta runtse ido.

Ta ce, "Inna, duba ki hwaɗa mini."

Zinariya ta ce, "A'a. Wanga kam ba ni fassara miki. Juyo ki dubi ɗiyarki."

Ta ɗora mata ita a ƙirji, ta ja baya. Haoua ta buɗe ido da ƙyar. Ta yaye zanen a hankali, ta dubi fuskar, ta buɗe 'yan hannuwan, ta shafa tafin ƙafa, ta juya ta ta duba bayan. Ta sake komawa kan fuskar, ta kai yatsa gefen kan, sai kafaɗarta ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce da hawaye tare.

Ta ce, "Ta ɗauko kama, Inna. Dubi kunnuwan nan. Na Buba ne, duka biyun, ba a rage komai ba."

Buba yana tsugune a bayan ƙofa tun da naƙudar ta fara, ya kasa tambaya. Ya ji an ambaci sunansa, ya ce, "Lahiya?" Zinariya ta leƙa ta ce masa lafiya lau, sai dai ya fara neman babban kallabi. Ta dawo ta zauna a bakin tabarma tana share ido da gefen zane. Haoua ba ta sake ɗago kai ta dubi kowa ba, ta sa yarinyar a nono tana ta kallonta.